Tukunyar Sallah A Potiskum: Rago A Ƙofar Gida, Farashi Daga Legas

POTISKUM — A kowace ranar Laraba, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, hanyoyin da ke shiga garin Potiskum na Jihar Yobe kan cika maƙil da motoci manya da ƙanana, ɗauke da shanu da tumaki da awaki, waɗanda ake kaiwa kasuwar dabbobin garin, wadda ake sanyawa cikin jerin mafiya girma a duk Afirka ta Yamma. Idan Babbar Sallah ta ƙarato kuwa, sai raguna su kusa rufe ko'ina, tun daga cikin kasuwar har bakin titi da ƙofofin gidaje. Baƙon da ya ga wannan yalwa zai ɗauka babu inda magidanci ke yin layya cikin sauƙi kamar nan. Amma zancen ba haka yake ba. Magidancin Potiskum yana sayen rago ne a kan farashin da fataken Kudu suka yarda su biya, sa'an nan ya koma gida ya tarar da wani lissafin na jiransa a madafa, wato na man suya da itace da kayan miya da shinkafa, lissafin da ba kasafai ake ambatonsa ba idan ana zancen tsadar Sallah.

Domin a gane yadda abin yake, ya kamata a fara duban matsayin kasuwar kanta. Potiskum mahaɗa ce. Hanyar da ta taso daga Kano ta Azare da wadda ta taso daga Jos ta Bauci duk nan suke bi kafin su miƙa Damaturu da Maiduguri, ga kuma wadda ta yi arewa zuwa Gashuwa da wadda ta yi kudu zuwa Gombe. Dabbobin da ake tarawa daga ƙananan kasuwannin jihar, da waɗanda ke shigowa daga Nijar da Cadi da Kamaru, a nan ake tantance su, a yi ciniki, a loda. Garin kuma ya yi suna wajen mallakar manyan motocin dakon kaya, saboda haka ba a rasa tirelar da za a yi wa bene da katako a jera mata raguna hawa-hawa. Daga nan sai Legas, ko Badun, ko Fatakwal, ko kasuwar Lokpanta ta Jihar Abiya, tafiyar da kan haura kilomita 1,000.

Abin da wannan ke nufi a ilmin tattalin arziki a bayyane yake. Duk kayan da ake iya ɗauka a kai wata kasuwa mai nisa, to farashinsa a inda ake samar da shi ba ya bin ƙarfin aljihun mutanen wurin. Yana bin farashin waccan kasuwar ne, bayan an ɗebe kuɗin mota da na haraji da na hanya da ribar falke. Mai rago ba zai sallama wa maƙwabcinsa a kan naira dubu tamanin ba, alhali ga wani a tsaye yana tayawa dubu ɗari da ashirin domin ya san abin da zai samu a Agege. Dillali ma, wanda la'adarsa ke ƙaruwa idan ciniki ya yi tsada, ba shi da dalilin karkata ga ɗan gari. Wato dai malamin firamare na Potiskum yana gogayya ne da ma'aikacin banki na Legas a kan rago ɗaya, ko da yake ba su taɓa ganin juna ba.

An ga zahirin wannan alaƙa a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu, bayan rikicin kasuwar Shasha da ke Badun. Cikin kwanaki kaɗan nama da tumatir da albasa suka yi tashin gwauron zabo a Legas, a Arewa kuwa kayan gwari suka yi kwantai, farashinsu ya faɗi warwas. Ba a cika mako biyu ba aka janye matakin a farkon watan Maris, farashi ya koma inda ya fito. Wannan ɗan gajeren lokaci ya nuna wa kowa wanda ke riƙe da akalar ciniki.

Ta ɓangaren masu kawo dabbobi ma, abubuwan da ke motsa farashi yawancinsu daga wajen jihar suke. Makiyayin Nijar da sefa yake lissafi. Bayan da gwamnatin tarayya ta saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin Nijeriya ya yi ta zubewa har dala ɗaya ta haura naira 1,500 a 2024, sefa ɗaya kuma ta fi naira biyu. Ragon da mai shi bai ƙara wa ko sefa ɗaya ba, da ya tsallako iyaka sai ya zama ya yi tsada a naira. Daɗin daɗawa, juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 ya jawo takunkumin ƙungiyar ECOWAS da rufe iyaka, wanda Nijeriya ba ta janye nata ba sai a watan Maris na 2024. A watan Mayun 2025 kuma, ana saura 'yan makonni Sallah, hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi daga ƙasar domin sauƙaƙa wa nasu mutanen. Duk wanda ya san tsawon wannan iyaka ya san ba a rufe ta ruf, amma dabbar da ta bi ta ɓarauniyar hanya da kuɗin hanyar a wuyanta take isowa.

Sai kuma kuɗin mota. Jama'a sun fi tunawa da janye tallafin man fetur na ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 nan take, ta kuma kai wajen naira 1,000 a ƙarshen 2024. Amma tirela ba fetur take sha ba, man dizal take sha, shi kuwa tun a 2022 ya ninka fiye da sau biyu bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Fetur ya fi shafar ƙananan motocin da ke kwaso dabbobi daga ƙauyuka zuwa kasuwa, da injinan ban-ruwa na masu noman rani, da injin markaɗe na unguwa. Kowanne da inda yake cizo.

Bai kamata a manta da abin da kasuwar ta gani ba. A daren Laraba 2 ga Mayun 2012 'yan bindiga suka auka mata da harbi da abubuwa masu fashewa, suka cinna mata wuta, aka rasa rayukan aƙalla mutum 34, dabbobi masu yawa suka ƙone. Shekarun da suka biyo baya na dokar ta-ɓaci da shingayen bincike sun nisanta fatake da yawa daga yankin na wani lokaci. Kasuwar ta farfaɗo, amma hanyoyin da dabbobin yankin Tafkin Cadi suka saba bi sun daɗe ba su koma yadda suke ba.

Turke: asusun matan aure

Ba duk ragon Sallah ne ke zuwa daga nesa ba. Kaso mai tsoka daga cikin gidaje yake fitowa, inda mata ke sayen ɗan rago bayan kaka, su turke shi wata huɗu zuwa shida, suna ba shi dusa da harawar wake da ta gyaɗa da kowa da ɗan kanwa. Ga matar da ba ta da asusun banki, turke shi ne bankinta; daga nan kayan ɗakin 'yarta ke fitowa, da kuɗin makaranta, da na asibiti. Masu turke sun fi son balami, farin ragon nan mai tsawo da lanƙwasasshen hanci wanda aka san yankin Barno da shi, domin shi ne ke kai girman da masu hali ke nema. Uda mai launi biyu na biye da shi. Ɗan ƙasa kuwa, wato 'yankasa, shi ne ragon mai ƙaramin ƙarfi, ba ya ci da yawa, ba ya kuma saurin kwantawa ciwo.

Ribar turke ta dogara ne ga lokacin da Sallah ta faɗo, abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah kan zagaya damina da kaka da rani da bazara cikin shekara 33 ko kusa da haka. A 2023 an yi ta ranar 28 ga Yuni, a 2024 ranar 16 ga Yuni, a 2025 ranar 6 ga Yuni. Rabon da ta faɗo a irin wannan lokaci tun farkon shekarun 1990, wato daidai lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Barno a ranar 27 ga Agustan 1991. Watan Yuni kuwa shi ne mafi wuya ga mai kiwo a wannan yanki: harawar bara ta ƙare ko ta yi tsada, sabuwar ciyawa ba ta kai a ci ba, dabbar daji ta rame. Wanda ya riƙe rago da ƙiba har zuwa wannan lokaci da tsabar kuɗi ya riƙe shi. Kuma a daidai wannan lokacin ne magidanci ke neman kuɗin taki da iri da na huɗa. Rago da buhun taki sai suka zama kishiyoyi a aljihu ɗaya.

Shi kansa aljihun ya yake? Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na mutanen Yobe suna ƙasa da mizanin talauci, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. Wani rahoton hukumar na 2019 ya nuna kusan kashi 57 cikin ɗari na abin da gidajen Nijeriya ke kashewa a kan abinci yake tafiya. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya lura cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon yawan kason da abinci ke ci daga abin da yake samu. To a watan Yunin 2024, watan da aka yi Sallah, hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari, albashi mafi ƙanƙanta kuma yana nan a naira 30,000 da aka tsayar tun 2019, domin sai a watan Yuli aka sanya hannu a kan dokar naira 70,000. A wannan Sallar, rago matsakaici ya haura naira 100,000 a kasuwannin Arewa da dama. Ƙaramin ma'aikaci ke nan sai ya tara albashin fiye da wata uku bai taɓa ko kwabo ba, kafin ya ja igiya.

Kwana uku a bakin murhu

Da an sauko daga Idi, liman ya yanka nasa, sai aiki ya koma gida, kuma daga nan ragamar tattalin ta bar hannun maigida ta koma hannun uwargida. A gidaje da yawa ranar farko ta kayan ciki ce. Bayan an feɗe, akan rataye gangar jikin a inuwa ta tsane, mata kuma su duƙufa wankin tumbi da hanji, a soya hanta da ƙoda da zuciya a fara lasawa, a yi farfesu a ci da waina ko sinasir ko burabusko, ko kuwa tuwon shinkafa da miyar taushe. Wasu gidajen kuma sukan banƙare ragon a jikin itace su kafa shi gefen wuta ya kwana yana gasuwa a hankali, al'adar da ta fi ƙarfi a Nijar da garuruwan kan iyaka. Kashegari ake sara da rabo. Malamai na kwaɗaitar da a ci, a yi kyauta, a yi sadaka, ga kuma surukai da maƙwabta da almajirai waɗanda kowannensu ke da rabonsa a al'ada. Abin da ya rage shi ake soyawa. Kai da ƙafa kuwa yara maza ke kaiwa babbaka, su zama abincin kwana na uku.

Suyar nan ita ce cibiyar lissafin, kuma dalilinta na tattali ne kafin ya zama na daɗin baki. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, firji ba abin dogaro ba ne, ɗanyen nama kuwa ba ya kwana biyu a zafin Yobe. Uwargida kan tafasa naman da albasa da citta da kanumfari da masoro da gishiri har ruwan ya tsotse, sa'an nan ta soya shi har ya bushe ƙayau, domin danshi shi ne ke kawo ruɓa. Naman da ya soyu haka, aka bar shi ya huce sarai kafin a rufe, aka kuma riƙa ɗiba da busasshen cokali, yakan yi makonni, har watanni. Wani kason a daka shi a turmi a yi dambun nama, wanda ke auki a hannun yara. A wasu gidajen har yau akan adana wutsiya ko wani sashe na kai a busar, sai daren cika-ciki a watan Muharram a sa a miya.

Sai dai suya na cin mai, tana kuma cin wuta. A nan ne bambancin rago mai kitse da ramamme ke fitowa fili. Mace mai dabara takan fara narka kitsen ragon ta soya naman a cikinsa, ta ɗan ƙara man gyaɗa kaɗan. Idan maigida ya sayo ramammen rago don ya rage naira dubu goma a kasuwa, wani ɓangare na abin da ya rage zai mayar da shi wajen mai sayar da man gyaɗa, ga nama kaɗan, ga tauri, ga ƙarin itacen dafa shi. A ganina wannan shi ne kuskuren da aka fi tafkawa a cinikin rago: ana duban tsawo da ƙaho, waɗanda maƙwabta ke gani, ana barin gadon baya da cinya da gindin wutsiya, waɗanda tukunya ke gani. Abin da ake samu na nama da ƙashi bayan fiɗa bai cika kai rabin nauyin rago mai rai ba, ramamme kuwa ya gaza haka.

Itace da gawayi su ma sun daina zama abin da ake ɗiba a bayan gari. Jihar da hamada ke ci ta arewa, itacenta da mota ake kawo shi, saboda haka kuɗin mai na cikin kowane ɗauri. Masu tukunyar gas kan ajiye ta gefe ranar suya, domin babu mai son ya ƙarar da ita a wuni ɗaya. Kayan miya kuwa, Sallar watan Yuni ta same su a mafi munin lokacinsu: tumatirin rani na Kadawa da fadamun Haɗeja da Gashuwa ya ƙare, na damina bai fito ba. A 2024 abin ya haɗu da ɓarnar tsutsar tumatir, irin wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, har gidaje da yawa suka koma ga kauɗar tumatir da busasshen tattasai da na leda. Buhun shinkafa mai kilo 50 kuma a wannan shekarar ya haura naira 80,000. Idan aka tara waɗannan duka, da kuɗin mahauci, da na markaɗe, da sukarin zoɓo da kunun aya, za a ga cewa kuɗin igiya somin-taɓi ne. Akwai gidajen da aka ba su rago kyauta amma sai da suka ci bashin soya shi.

Watanda, zabo da talotalo

Ga wanda rago ya fi ƙarfinsa, akwai hanyoyi, ko da yake ba dukansu ne layya ba. Tunkiya da akuya da bunsuru duk sun halatta idan sun kai shekaru kuma ba su da aibi, sun kuma fi rago sauƙi, sai dai mutane da yawa na jin nauyin a ga sun ja akuya. Haɗa kuɗi a sayi sa kuma ya yawaita. A nan akwai bambancin malamai: a mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar nan, ba a tarayya a kuɗin dabbar layya, sai dai mutum ya shigar da iyalinsa cikin lada, sauran mazhabobin kuwa sun yarda mutum bakwai su haɗu a kan sa ko raƙumi. Watanda dabam take. Ita ba ibada ba ce, dabara ce ta sayen nama a kan sari: abokan aiki ko 'yan unguwa su riƙa zubi wata-wata kamar adashi, ranar jajibere a yanka sa a kasa shi kashi-kashi. An fi yin ta da Ƙaramar Sallah, amma yanzu ta zama mafitar masu albashi a duka Sallolin biyu. Fa'idarta a fili take, domin ta cire ribar mai teburi, ta kuma raba nauyin a kan watanni. Haɗarinta ɗaya ne, wato amanar mai riƙe kuɗin, da kuma yadda hauhawar farashi ke cinye zubin watannin farko kafin ranar saye.

Daga nan sai tsuntsaye. Kaza da zabo su ne naman Ƙaramar Sallah a yawancin gidaje, zabo kuwa Yobe ba ta rasa shi. Sama da su akwai talotalo, wanda ba a layya da shi, amma ya samu gurbi a gidajen masu hali, da kuma wajen Kiristocin garin, 'yan ƙasa da baƙi 'yan kasuwa, a lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara. Asalin wannan tsuntsu ƙasar Meziko ne, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu. Ta fuskar nama ya fi rago auki, domin abin da ake samu bayan fiɗa ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa. Matsalarsa a kiwo take. 'Yan tsakinsa ba su da juriya a makonnin farko, suna bukatar abinci mai gina jiki fiye da na kaji, akwai kuma wata cutar hanta da suke ɗauka idan aka haɗa su da kaji wuri ɗaya, sa'an nan sai an yi wata biyar zuwa shida ana ciyarwa kafin a sayar. Duk sa'ad da masara da waken suya suka yi tsada, talotalo ne farkon wanda mai kiwo ke sallama. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a wata gona ta Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, ta kuma riƙa dawowa jefi-jefi.

Tun farkon shekarun 2000, a zamanin mulkin Shugaba Obasanjo, aka hana shigo da daskararrun kaji da talotalo domin kare masu kiwo na gida, amma fasa-ƙwaurinsu ta Kwatano bai tsaya ba, jami'an kwastan kuma sun sha kamawa suna binnewa. Wannan ciniki ya fi shafar biranen Kudu. Kafin katan ɗin ya iso Potiskum a motar da ba ta da sanyi, ya narke ya sake daskarewa ba adadi, don haka mai hankali ya fi son ya ga tsuntsunsa da rai, a yanka a gabansa. Dahuwarsa ma a nan ba irin ta Turawa ba ce, waɗanda ke cusa masa kayan haɗi a ciki su gasa shi ɗungurungum a tanda na awoyi. Uwargida a nan yanka shi take gunduwa-gunduwa, ta tafasa da kayan ƙamshi, ta soya, romon kuma ya tafi cikin dafa-duka ko miya. Hakan ya fi dacewa da gidan da ke da bakuna goma sha, ya kuma kauce wa haɗarin nama ya gasu a waje cikinsa da saura.

Da yake an ambaci Turawa, akwai abin koyi ɗaya a wajensu wanda ba na girki ba ne. A Amurka talotalo ne ragon bikin godiya da suke yi a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Tun 1986 ƙungiyar manoma ta American Farm Bureau ke aika mutane kantuna kowace shekara su tattaro farashin kayan liyafar mutum goma, wato talotalo da abubuwan da ake ci da shi, ta kuma buga jimillar. A shekarar farko dala 28.74 ce. A 2022, lokacin da murar tsuntsaye ta hallaka miliyoyin talotalo, ta kai dala 64.05, sa'an nan ta sauko zuwa 61.17 a 2023 da 58.08 a 2024. Idan aka auna da albashi mafi ƙanƙanta na tarayyar ƙasar, dala 7.25 a awa, liyafar 2024 aikin awa takwas ce, wato wuni ɗaya. Mai karatu na iya ajiye wannan kusa da wata ukun da aka ambata a baya, ko da yake rago guda ya fi talotalo nama nesa ba kusa ba, kuma ba gida ɗaya ke cinye shi ba.

Amfanin irin wannan ma'auni shi ne kowa na gane shi. Talaka bai damu da kashi kaza cikin ɗari ba, amma ya san kuɗin tukunya. A Nijeriya kamfanin SBM Intelligence na Legas ya ɗauki wannan hanya, yana bibiyar kuɗin dafa tukunyar dafa-duka ta gida mai mutum biyar a kasuwanni dabam-dabam. Garin da ke da kasuwa irin ta Potiskum ya cancanci nasa ma'aunin: rago mai nauyi kaza, galan na man gyaɗa, kwanon shinkafa, ɗaurin itace, kashin tumatir da attaruhu da albasa, a rubuta kowace Laraba tun ana saura wata biyu Sallah, a karanta a rediyo. Babban cikas shi ne har yanzu da ido da tafin hannu ake cinikin dabba, ba da sikeli ba, abin da ke amfanar wanda ya fi sanin kasuwa, ya cuci mace mai turke da magidanci mai saye sau ɗaya a shekara. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da gwamnatin tarayya ta kafa a watan Yulin 2024 tana da manyan tsare-tsare a gabanta, amma sikelin auna dabba a ƙofar kasuwa ba ya bukatar kasafin biliyoyi.

Lissafin shekarun da ke tafe kuma zai sauya, domin Sallah na ci gaba da ja da baya. Daga ƙarshen Mayu a 2026, za ta kai tsakiyar Afrilu a 2030, sa'an nan ta shiga Maris bayan shekara biyu. Ga uwargida akwai sauƙi ta wani gefen, domin lokacin tumatir da albasar rani na kasuwa a wadace, harawar kaka ma ba ta gama ƙarewa ba, watannin turke kuma sun ragu, kuɗin taki bai riga ya taso ba. Ta ɗaya gefen kuwa, Afrilu ne watan da zafin Potiskum ke haura digiri 40, lokacin da ruwa ke wuya a unguwanni, raguna ke galabaita a cikin mota kafin su kai Kudu, naman da aka rataye da hantsi kuma ba lalle ne ya kai wayewar gari lafiya ba. Gidajen da suka saba barin suya sai kashegari za su bukaci hura wuta tun ranar yanka, su kuma tanadi mai da itacen tun kafin jajibere.